Bisu: Tarihin Al'ummar da Ke Amsa Sunan Wasu

A lardin Chiang Rai, can ƙuryar arewacin ƙasar Tailan, akwai ƙauyuka biyu, Doi Chomphu da Pui Kham, waɗanda matafiyi zai ratsa bai ga abin da ya bambanta su da maƙwabtansu ba. Fadamun shinkafar iri ɗaya ne, sutura iri ɗaya ce, ga kuma wurin ibadar Buda kamar yadda yake a kowane ƙauye na yankin. Sai an tsaya an kasa kunne ga hirar dattawa sannan za a ji wani harshe da ba dangin harshen ƙasar ba ne ko kaɗan. Sunansa Bisu, haka kuma masu shi suke kiran kansu. A Tailan ba su kai mutum dubu ba. Ko an haɗa da 'yan uwansu na lardin Yunnan a ƙasar Sin da na jihar Shan a Myanmar, duka-duka 'yan dubbai ne.

Ƙanƙantar adadi ba baƙon abu ba ne a wannan sashe na duniya, inda kusan kowane kwari yake da harshensa. Abin da ya keɓanta Bisu shi ne, a ƙasashen nan uku da suke zaune, an ɗauki tsawon lokaci babu inda hukuma ta rubuta su da sunan da suke kiran kansu. A Tailan an san su da Lawa, a Sin an sa mafi yawansu cikin Lahu, a Myanmar ana ce musu Pyen. Wanda yake son fahimtar yadda harshen ya kai bakin gaɓa, daga kan waɗannan sunaye ya kamata ya fara.

Dangin harshen

Bisu ɗa ne a babban gidan harsunan Sin da Tibet, a reshen da masana suke kira Lolo da Bama. Babban yayansa a wannan reshe shi ne harshen Bama, wanda ke da tarihin rubutu tun ƙarni na 12. Shahararren rubutun dutse na Myazedi an sassaƙa shi ne wajajen 1113. Sauran dangi sun haɗa da harsunan al'ummar Yi na kudu maso yammacin Sin, da Lahu, da Lisu, da Akha, da Hani. Waɗanda suka fi kusa da shi kuwa su ne Phunoi na lardin Phongsaly a arewacin Laos, da Cong na arewa maso yammacin Biyetnam, da Sangkong na kudancin Yunnan.

Harsunan Tai, wato na Bankok da na arewacin Tailan da na Shan da na Laos, gidansu daban ne. Lawa ma, wanda aka liƙa wa Bisu sunansa, daga wani gida na uku ya fito: danginsa su ne Mon da Khmer na Kambodiya da Wa. Ke nan kiran Bisu da sunan Lawa ya wuce ɗan kuskuren lafazi, ɗauke su aka yi ɗungurungum aka kai wani gida da ba su haɗa kaka da shi ba.

Tsarin zaman yankin ma yana da muhimmanci. Tun da daɗewa kwaruruka masu ruwa suna hannun sarakunan Tai, masu birane da rubutu da addinin Buda. Kan duwatsu kuwa mazaunin ƙabilu ne masu noman tudu. Bisun Tailan sun sami kansu a tsakiya: a gindin duwatsu suke, daf da manoman Tai, suna cin kasuwa ɗaya da su. Wannan kusanci ya hana su kariyar da nisa ke bai wa mazauna ƙololuwa, bai kuma sa an ɗauke su daidai da mutanen kwari ba.

Yadda suka warwatsu

Bisu ba su da rubutaccen tarihi nasu, don haka abin da aka sani game da ƙaurarsu ya fito ne daga labaran baka da kuma tarihin maƙwabtansu masu ƙarfi.

Arewacin Tailan na yau shi ne tsohuwar daular Lanna. Sarki Mangrai ya kafa Chiang Rai a 1262, ya kafa Chiang Mai a 1296. A 1558 sojojin Bama suka ci daular, suka riƙe ta fiye da shekara 200. Da wani basarake mai suna Kawila ya haɗa kai da Sarki Taksin na Siyam suka kore su daga Chiang Mai a tsakiyar shekarun 1770, ƙasar da suka karɓa kango ce. Yaƙi ya cinye mutane, birnin kansa ya zauna kufai kusan shekara 20, sai a 1796 Kawila ya sake raya shi.

A wancan zamani ƙasa ba ta yi wa kowa kaɗan ba, mutanen da za su nome ta ne ake nema ruwa a jallo. Saboda haka Kawila da magadansa suka riƙa kai hare-hare arewa, cikin ƙasashen Shan da Sipsongpanna, suna kwaso ƙauyuka sukutum suna zaunar da su a kufan Lanna. Har yau mutanen yankin suna tuna zamanin da karin maganar da ke cewa a zuba ganye a kwando, a zuba bayi a birni. A 1804 aka ƙwace Chiang Saen daga hannun Bama, aka rarraba mazaunanta, Chiang Rai kuwa ba a sake cika ta da mutane ba sai a shekarun 1840. Masu bincike suna kyautata zaton cewa a cikin wannan guguwa ce kakannin Bisun Tailan suka gangaro daga arewa.

A ɓangaren Sin ma ba zaman lafiya ake yi ba. Ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 sun ga tawayen Lahu a kudu maso yammacin Yunnan, wanda daular Qing ta murƙushe, kuma labaran baka na Bisun can suna danganta yawon kakanninsu da wannan tarzoma. Daga ƙarshe suka zauna a gundumomi irin su Lancang da Menghai, inda maƙwabta suke kiran su Laomian da Laopin.

Labarin da ya fi kowanne bayyana halin da suka shiga shi ne na Pyen na jihar Shan. Su da kansu suna ba da labari cewa kakanninsu bayi ne da suka tsere, suka nemi mafaka wurin al'ummar Plang, aka ba su tufafin masu gida suka sa domin masu bin sawunsu su kasa gane su. Sunan Pyen kuwa daga kalmar da ke nufin sauyawa ya fito. Al'umma ce da ta tsira da ranta ta hanyar ɓoye ko ita wace ce, har ɓuyan ya zama sunanta.

Sai Turawa suka zo suka ja layi a kan taswira. Birtaniya ta mamaye Bama ta Arewa a 1885, ta shimfiɗa ikonta kan ƙasashen Shan. Faransa ta karɓe Laos daga Siyam a 1893. Sipsongpanna ta zauna a hannun Sin. Bayan nasarar 'yan gurguzu a Sin a 1949, iyakokin suka ƙara tsauri, tsaunukan Shan suka zama fagen 'yan tawaye da fataucin ƙwaya. Ƙauyukan da ke magana da harshe ɗaya suka wayi gari a ƙasashe uku, kowane yana ganin shi kaɗai ya rage.

Suna uku, rajista uku

Ƙasar zamani ba ta iya mulkin abin da ba ta ƙidaya ba, ba ta kuma ƙidaya abin da ba ta raɗa wa suna ba. A nan ne ƙanƙantar Bisu ta zame musu asara.

Gwamnatin Tailan ta kafa kwamitin kula da ƙabilun tsauni a 1959, ta buɗe cibiyar bincike a kansu a Chiang Mai a 1965. Jerin ƙabilun da ta amince da su ya ƙunshi Karen, Hmong, Yao, Akha, Lahu, Lisu, Lawa, Htin da Khamu. Babu Bisu a ciki. Mutanen arewa sun daɗe suna amfani da kalmar Lawa ga duk wasu tsoffin mazauna da ba Tai ba, sai sunan ya bi Bisu.

A Sin, lokacin ƙidayar 1953, al'ummomi sun gabatar da sunaye fiye da 400, fiye da rabinsu daga Yunnan kaɗai. Gwamnati ta tura masana su tace su, aka yi ta haɗa ƙanana cikin manya, har aka tsaya a kan 56 bayan an amince da Jino a 1979. Daga nan aka rufe ƙofa. Laomian, da yake a tsakiyar Lahu suke zaune, sai aka lissafa su Lahu. Wannan yana da tasiri a aikace, domin abubuwan da gwamnati ke tanada wa ƙananan ƙabilu, kamar ƙa'idar rubutu da littattafai da shirye-shiryen rediyo, ta kan sunan ƙabila ake raba su. Lahu yana da ƙa'idar rubutu da hukuma ta amince da ita tun shekarun 1950. Bisu bai samu ba, domin a takarda masu shi Lahu ne.

A Myanmar kuwa sun shiga jerin hukuma, cikin ƙabilu 135 da gwamnati take lissafawa. Amma da laƙabin Pyin aka rubuta su, a ƙarƙashin rukunin Shan. Tun 1900 ma sunan ya bayyana haka a kundin bayanan Bama ta Arewa da ƙasashen Shan da jami'an Birtaniya, Scott da Hardiman, suka wallafa, tare da ɗan jerin kalmomi.

Kwatanci da danginsu yana nuna cewa yawa kaɗai ba shi ne ke yanke hukunci ba. Cong na Biyetnam 'yan dubbai ne ƙalilan, amma suna cikin ƙabilu 54 da ƙasar ta amince da su, da sunansu. Bisu sun rasa irin wannan gurbi ne saboda iyaka ta tsaga su gida uku, kowane kaso ya yi ƙanƙantar da za a iya cusa shi a aljihun maƙwabci.

Abin da masana suka ji

Wanda ya fara gabatar da Bisu ga duniyar ilimi shi ne Nishida Tatsuo na Jami'ar Kyoto a Japan, masanin da ya yi suna wajen warware rubutun Tangut, harshen wata daula da Mongol suka rusa a ƙarni na 13. A tsakiyar shekarun 1960 yana binciken harsunan arewacin Tailan ya tarar da mutanen da ake kira Lawa suna magana da harshen da ba Lawa ba. Ya buga bayaninsa na farko a 1966.

Dalilin da ya sa binciken ya ja hankali yana cikin sautukan harshen. A yawancin danginsa, kamar Lahu da Lisu, baƙaƙen ƙarshen gaɓa sun zube tuntuni, gaɓa takan ƙare da wasali. Bisu ya riƙe da yawa daga cikinsu. Kalmar “kai” ko “ke” a Bisu ita ce *nang*, kamar yadda take a rubutaccen harshen Bama, alhali a Lisu ta koma *nu*. Ga mai son gano yadda uwar waɗannan harsuna take kafin su rarrabu, irin wannan shaida tana da daraja ƙwarai. Shi ya sa David Bradley, wanda ya yi aiki a ƙauyukan Bisu a shekarun 1970, ya jingina da shi a littafinsa na 1979 kan asalin harsunan Lolo.

A wani gefen kuma Bisu ya yi sauyin da ya zama tambarinsa. Wasu baƙaƙen hanci na farkon kalma sun rikiɗe: *m* ta koma *b*, *n* ta koma *d*, *ng* ta koma *g*. Inda harshen Bama ke cewa *nga* don “ni”, Bisu yana cewa *ga*. Kalmar korewa *ma* ta zama *ba*, tushen kalmar wuta *mi* ya zama *bi*. Ko sunan al'ummar yana ɗauke da alamar wannan sauyi, domin a wasu wurare ana jin sa Mbisu ko Misu.

Harshe ne mai karin sauti hawa uku, kuma aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, kamar a ce “ni shinkafa ci”. Bayan aikatau akwai gomman ƙananan kalmomi da ke rufe jimla, masu aiki irin na *dai* da *fa* da *mana* a Hausa, sai dai nauyinsu ya fi haka: su ke nuna ko aiki ya kammala, da matsayin mai magana game da abin da yake faɗa, da inda labari ya dosa. A kansu Kirk Person ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Texas da ke Arlington a 2000. Kafin shi, Bafaranshe Patrick Beaudouin ya kammala cikakken nazarin harshen a 1991.

A shekarar 1991 ɗin ce kuma masanin Sin Li Yongsui ya buga bayanin da ya nuna akwai masu wannan harshe a Yunnan. Xu Shixuan ta biyo da littafi guda a 1998, aka fassara shi zuwa Turanci a 2001. Daga baya nazarin Pyen ya tabbatar da cewa shi ma Bisu ne, masu shi kuma haka suke kiran kansu a cikin gida. Jerin kalmomi da kwatanta sautuka ne suka sake haɗa zumuntar da iyakoki suka yanke.

Yadda harshe ke ficewa daga gida

Babu wata doka da ta ambaci Bisu ta haramta shi. Abin da ya ci shi ya fi doka tasiri.

Harsuna a Tailan hawa-hawa suke. A sama akwai daidaitaccen Tai na Bankok, harshen makaranta da ofis. Dokar ilimin firamare na tilas ta 1921 ta shimfiɗa shi ko'ina, gwamnatin Phibun kuma, wadda ta sauya sunan ƙasar daga Siyam zuwa Tailan a 1939, ta mai da iya shi wajibin ɗan ƙasa. Ƙarƙashinsa akwai Kam Mueang, harshen mutanen arewa, wanda shi kansa ya rasa tsohon rubutunsa a makarantu amma ya riƙe kasuwa da titi. Bisu yana can ƙasa da su duka. Yaron Bisu yana buƙatar harshe biyu kafin ya yi ciniki ya kuma ci jarrabawa, kuma nasa ba ya cikinsu.

Ga talauci a kan haka. Dattawan Bisu sun shaida wa masu bincike zamanin da yunwa take kai su neman shinkafa da tsofaffin tufafi a ƙauyukan maƙwabta, da yadda kalmar Lawa ta zama zagi a bakin yara. Wanda aka yi wa dariya saboda harshensa tun yana ƙarami yakan yi wa 'ya'yansa lissafi, lissafin kuma ba na wauta ba ne: in yaro ya tashi da Kam Mueang tsantsa, ba mai gane asalinsa daga bakinsa. Dabarar da kakannin Pyen suka yi da tufafi ita ce jikokin Bisu suka yi da harshe.

Da arziki ya fara shigowa yankin, sai ya zo da nasa matsin. Hanyar mota da lantarki da talabijin sun iso, samari da 'yan mata suka tafi ci-rani birane, auren waje ya yawaita. A gidan da uwa ko uba ba Bisu ba ne, harshen da kowa ke ji shi ake yi, wato Kam Mueang.

Ana iya ganin matakan a ƙauyukan kansu. A Tako, wanda a da ƙauyen Bisu ne, harshen ya riga ya ƙare. A Pha Daeng ya koma bakin tsofaffi ƙalilan. Doi Chomphu da Pui Kham ne suka rage inda ake jin sa a rayuwar yau da kullum, can ɗin ma ya fi ƙarfi a bakin manya. A ɓangaren addini kuwa, Bisu sun haɗa addinin Buda da tsohuwar al'adarsu ta yanka ga mai tsaron ƙauye.

Haruffan aro

A 1998 wasu mutanen Bisu suka zauna da masana harshe masu alaƙa da Jami'ar Payap ta Chiang Mai da ƙungiyar SIL, wadda aka sani da nazarin ƙananan harsuna da fassarar Baibul, suka tsara wa harshen ƙa'idar rubutu. Sun zaɓi haruffan Tai, kuma dalilin a fili yake: duk wanda ya je makaranta ya riga ya san su, hukuma ma ba za ta kalli rubutun da idon zargi ba.

Zaɓin yana da wahalarsa. Rubutun Tai yana da baƙaƙe 44 da aka kasa aji uku, kuma ajin baƙi yana cikin abin da ke nuna karin sautin gaɓa, a tsarin da aka gina don kari biyar. Bisu uku gare shi. Sannan harshen Tai ba shi da sautin *g*, alhali da shi kalmar “ni” take farawa a Bisu. Kowace irin wannan matsala sai da masu harshen suka zauna suka yi ittifaƙi a kanta. Daga nan aka fara rubuta tatsuniyoyi da ƙananan littattafan karatu.

Rubutun bai warware matsalar iyaka ba. Bisun Sin ba su san haruffan Tai na Bankok ba, Pyen ma haka, don haka littafin da aka buga a Chiang Rai ba ya karantuwa a Lancang. Bai kuma mai da harshen bakin jarirai ba, domin wannan shawara ce da iyaye suke yankewa a ɗaka. Person kansa, a maƙalar da ya buga a 2005, ya bar tambayar a buɗe: shin farfaɗowa ce ake gani ko numfashin ƙarshe?

Abin da rubutun ya sauya shi ne matsayin sunan. Mutanen da aka saba gaya wa cewa abin da suke yi ba cikakken harshe ba ne sun ga an buga shi a takarda, sun ji cewa suna da 'yan uwa a ƙasashe biyu, sun ga baƙi daga Japan da Faransa da Amurka suna zuwa koyon sa. Da yake kunya ce ta kore shi daga gidaje, duk abin da ya rage kunyar ya taɓa tushen cutar.

Manyan cibiyoyin ƙasar ma sun fara kula. Masanan Jami'ar Mahidol, ƙarƙashin jagorancin Suwilai Premsrirat, sun zana taswirar harsunan Tailan, suka ware 15 da suka fi fuskantar barazanar ɓacewa. A wannan jeri ba a rubuta Lawa a madadinsu ba. Lawa yana da gurbinsa daban, Bisu yana da nasa. Bayan tsawon zamani suna amsa sunan wasu, an kira su da sunansu na gaskiya, sai dai a cikin jerin harsunan da ake fargabar rasawa. Ko sunan zai ci gaba da nufin harshen da ake magana da shi, ko zai koma sunan zuriya kawai kamar yadda ya faru a Tako, amsar tana ga yaran Doi Chomphu da Pui Kham, da harshen da za su zaɓa ranar da za su yi wa nasu 'ya'yan magana.